Igiyar Jar Akuya

Duk wanda ya kalli fim ɗin nan da aka zagaya da shi lakol-lakol, wato makarantun boko, a ƙasar Maraɗi, to ya san ƙeyata kafin ya san fuskata, don da ita aka buɗe. Ga ni nan na ba da baya, ɗankwali ya zame, kitso ya tsufa, ina jan wata jar akuya ita ma tana ja na. Har yau idan na tuna sai haushi ya kama ni. Da an gaya mini ta baya za a fara, da na roƙi Inna ta yi mini sabon kitso. Yarinyar da ke tsaye can gaba, doguwa siririya, tana dariya ba ta buɗe baki ba, ita ce ƙawata. Akuyar kuma tata ce.

Mu ba 'yan nan ba ne. Daga ƙetaren iyaka muka zo, ni da Inna da ƙannena maza biyu, a shekarar da 'yan bindiga suka hana ƙauyenmu noma, daga baya suka hana shi barci. Babanmu bai ƙetaro da mu ba, can aka binne shi, kuma ba zancensa na zo yi ba. Muka sauka wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa, wani dattijo ya kwashe harawarsa daga ɗaki ya ce mu shiga har Allah ya kawo mafita. Harshenmu ɗaya da masu garin, tuwonmu ɗaya, amma mu sai mun samu takardar mafaka kafin hukuma ta san da zamanmu. Aka rubuta sunayenmu, aka ɗauki hoton yatsunmu, aka ce mu jira a kira mu. Wannan jiran shi ya cinye sauran ƙuruciyata, kuma abin mamaki, kwanakinsa nake kewa yanzu.

A bakin famfo muka haɗu da ita, kuma da faɗa muka fara. Can kowa da bidonsa, jarkar nan ruwan ɗorawa, a jera su a layi tun safe mai ita ta koma inuwa. Na zo ɗaukar nawa sai na ga hannu a kai. Na ce nawa ne, ta ce nata ne. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta tsaya tana kallona sai da na gaji don kaina, sannan ta juya bidon ta nuna mini jan zare ɗaure a hannunsa. Nawa yana can baya, wata 'yar akuya tana lasar inda yake yoyo. Matan wurin suka yi ta dariya, har da ni a ƙarshe, tun da ba yadda zan yi.

Bafulatana ce, kuma a lokacin wannan ba ƙaramar magana ba ce a cikinmu. Da yawa daga waɗanda suka gudo sun ɗora wa Fulani kaf laifin abin da ya same su, in ta iso famfo sai hira ta mutu. Daga baya na ji nata labarin. Irin mutanen da suka kore mu su suka kora shanunsu, suka cinna wa rugarsu wuta. Ita da kakarta da wani kawunta suka tsira, sai 'yan awaki. Jar akuyar tana jaririya lokacin, a wuya ta saɓo ta har suka ƙetare iyaka. Sun kafa bukka bayan gonakin gero, su ma suna jiran a kira su.

Duk ranar da aka ce ma'aikata za su zo, sai mu hau amalanken jaki zuwa Sae Sabuwa mu zauna gindin itacen bedin da ke gaban buro, ofishin hukuma. Manya su yi jugum, mu kuwa mu samu gefe mu baje. Ni in zo da dambu, ita ta zo da nonon akuya a 'yar ƙwarya, mu haɗa mu ci da hannu. Ta koya mini tufkar igiya da kaba, na koya mata carafke, ba a yi nisa ba ta fi ni, na ce duwatsun ne ba su da kyau. Tana ce mini Kaɗo, ina ce mata 'yar Fillo. Muna da wani wasa na duban takalmin ma'aikaci: in ya fito da takalmi sau-ciki, yau za a kira sunaye, in silifa ne, mu kama hanya. Bai taɓa yin daidai ba, amma ba mu fasa ba. Da yamma a fito a ce sai wani zuwan, mu koma kan amalanke muna waƙa kamar waɗanda aka ba wani abu.

Lakol ɗin garin ya karɓe mu, aka ba mu bencin baya. Ni da na taɓa boko a gida na shiga da taƙama, sai ga Faransanci ya ƙi zama a kaina. Ita da ba ta taɓa riƙe alli ba, tana ji sau ɗaya ta kama. Na tambaye ta sirrin, ta ce bakin da ya riga ya iya harshe biyu ba ya jin nauyin na uku, ni kuwa nawa bakin faɗa ya cika shi, babu sauran wuri.

Wata safiya ƙanena ƙarami yana fama da rama bayan ƙyanda, sai ga ta da kakarta a ƙofar ɗakinmu, suna jaye da jar akuyar, ta girma ta zama budurwa. Tsohuwar ta gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, sannan ta ɗaure akuyar a turken da ke gefen danga da hannunta. Ta ce wannan haɓɓanaye ne, al'adarsu ce, kuma ba kyauta ba ce. Jikarta ce ta ɗaura wa ƙawarta. Akuya za ta zauna wurina, in ci da ita, in sha nononta, in ta yi haihuwa biyu 'ya'yan duka nawa ne, uwar kuma in mayar wa mai ita da hannuna. Ba a sayarwa, ba a yankawa. In ta mutu a hannuna babu biya, Allah ne ya karɓi abinsa.

Na san abin da Inna take aunawa. Tana tunanin bakin mutanenmu, da abin da za su ce in sun ga dabbar Fulani a turkenmu. Ta dubi ƙanena, ta dubi tsohuwar da ita ma ba ta da komai sai waɗannan 'yan awaki, sai ta ce, "Kaka, mun karɓa. Allah shi bar zumunci." Mutane sun yi maganarsu kuwa, har wata ta daina aron turminmu, Inna ta ce turmin ma ya huta.

Daga ranar na zama baiwar akuya. Ban taɓa ganin dabba mai raina mutane irinta ba. In kawo mata harawa ta kau da kai, ta fi son gefen tabarmar Inna. Ta ci mini rabin littafin lakol, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya ce in kawo ta ta yi jarrabawa a madadina. Kullum ƙawata sai ta biyo ta duba ta, ta buɗe bakinta, ta shafa cikinta, ta yi mata magana da Fulatanci, akuya ta yi luf kamar ba ita ba. Na sha cewa gulmata suke yi.

Ana cikin haka masu fim suka zo. Wata mata ce daga Yamai, mai fara'a, da samari biyu masu ɗauke da kaya. Ta ce fim take so ta yi wanda za a riƙa nuna wa 'yan lakol, don yaran gari su san su wane ne waɗannan baƙi da ake zaunarwa a bencin baya. Ta shiga ajinmu tana neman yara, ta tarar da mu muna gardama a kan wa ya karya alli, nan take ta ce mu take so. Aka nemi iznin Inna da na Kaka, suka yarda. Suka yi ta bin mu, famfo, buro, bayan gonaki, har muka manta da su muka koma halinmu. Shi ya sa a fim ɗin ake ganina ina masifa sau da yawa, abin da har yau ƙannena ba su bar ni na huta da shi ba.

Da aiki ya zo ƙarshe, Madam, haka muke kiranta, ta ce labari yana son rufewa. Ta ji bayanin haɓɓanaye ya burge ta, sai ta tsara cewa in jawo akuyar daga ɗakinmu har bakin bukkarsu, in miƙa wa ƙawata igiya, ita kuma ta karɓa, shi ke nan yara sun ga yadda ake cika amana. Ta ce wasa ne kawai, ana gama ɗauka in koma da abata. Ni ban ga aibu ba, ɗokin fim ya cika ni. Na jawo akuya ta tsakiyar gari da hantsi, kyamara a bayana, mutane a bakin danga suna kallo. Na isa, na miƙa igiya yadda aka ce.

Sai ƙawata ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su.

Na ƙara miƙawa, ina yi mata ƙifce da ido. Ba ta motsa ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta, ta dube ni ta ce, "Ba ta haihu ba tukun. In kika maido ta yanzu, kin ce ba ki so na ke nan."

Na ce mata ai wasa ne. Ta ce mutanen da ke bakin danga ba su san wasa ba ne, yaran da za su kalla ma ba su sani ba, akuyar ma ba ta sani ba. A wurinsu, wanda ya mayar da dabbar haɓɓanaye kafin lokaci ya tsinke zumunci ne a bainar jama'a, kuma hannunta ba zai taɓa igiyar nan ba ko da wasa. Na tsaya da igiya a hannu, kunya ta rufe ni, daga nan na juya na ja akuyata muka koma, tana tirjewa ina yi mata faɗa. Madam ba ta ce a sake ba. Ta share ido da gefen gyalenta ta ce wa samarin su naɗe kaya, ta samu abin da ta zo nema. A nan fim ɗin ya ƙare, a kan hannuwan nan biyu da ke harɗe a baya.

Bayan kaka sunayenmu suka fito. Aka kira Inna, aka ba mu katinmu, muka zama mutanen da hukuma ta san da su. Nasu bai fito ba, aka ce takardunsu ba su dawo ba, su ƙara haƙuri. Na ɓoye katina ban nuna mata ba, ita ce ta matsa sai ta gani, ta juya shi ta ce hoton ya yi kama da ni ina shirin zagin wani. A cikin kwanakin ne aka sace shanun noma a wani ƙauye kusa, idanu suka koma kan bukkokin bayan gari. Jandarma sun zo sun duba ba su ga komai ba, amma kawunta ya ce shi ya taɓa ganin yadda irin wannan kallon yake ƙarewa, ba zai jira na biyu ba.

Ranar kasuwa da safe ta zo ƙofarmu, kayansu na kan jaki. Na tambaye ta ina za su, ta ce gabas, kawun ma iyakar abin da ya sani ke nan. Babu mai waya a cikinsu. Na kama igiyar akuya na ce to ta tafi da ita, hanya ce, za su buƙace ta. Ta harare ni, ta sake mayar da hannuwanta baya. Ta durƙusa ta yi wa akuyar magana a kunne, ta gaida Inna, ta tafi. Ban raka ta ba, don na san in na raka ta sai an jawo ni. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar Baba.

Akuya ta haihu da bazara, tagwaye. Ƙanena ya sha nono ya yi kumatu. Ta sake haihuwa, mace ɗaya ja kamar uwarta. Ga haihuwa biyu ta cika, ga turkenmu ya cika da awaki, ga ni ban san inda mai akuya take ba. Na tambayi Fulanin da ke zuwa kasuwa, kowa ya ce bai sani ba, wasu kuma ina ganin sun sani tsoro ne ya hana su gaya wa Bahaushiya. Mahauta sun taya uwar ba sau ɗaya ba, har wani maƙwabci ya ce mini mutanen nan sun tafi ke nan, in sayar in huta. Na ba shi amsar da Inna ta sa ni na je na ba shi haƙuri washegari. Kullum na kalli akuyar sai in ji tsoron kada ta tsufa ta mutu a hannuna. Na san babu biya, amma ni ba biyan nake tsoro ba. Ita kaɗai ce hanyar da ta rage tsakanina da ƙawata.

Sai ga fim ya dawo an gama haɗa shi. A ajinmu aka fara nunawa, da rana tsaka, an toshe tagogi da tabarmi, an rataya farin zane a kan allo, ƙaramin inji yana ƙugi a waje. Da fuskarta ta fito, ƙatuwa, tana dariyar nan tata, sai na ji kamar in tashi in kama zanen. Mushen da aka ɗora wa yawo da majigin ya ce ana son ɗaya daga cikinmu ta riƙa bin sa lokacin da hali ya yi, ta amsa tambayoyin yara. Kafin ya rufe baki na ce ni, tun da dai ni kaɗai ce ma.

Haka na san ƙasar da nake zaune a cikinta. Mun nuna a ƙauyukan wajen Tibiri, mun nuna a Cadawa inda yara suka cika aji har kan taga. Tambayoyinsu sai su. Wani ya ce ashe 'yan gudun hijira suna dariya. Wata ta tambaya ko akuyar ma an ba ta takarda. Da yawa sun so su ji ko kullum haka nake da faɗa. Ni kuwa in amsa abin da zan iya, in an gama in ce ina da saƙo: duk wanda ya san yarinyar nan, ya gaya mata akuya ta haihu. Su kwashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. A kowane lakol na faɗa, a kowane lakol aka yi dariya, har mushe ya fara faɗa mini in na manta, ko da yake ban taɓa mantawa ba.

A Gangara ne wata 'yar ƙaramar yarinya ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, wagga ai ita ta mai hura ta bakin rumhwar masu tabarmi. Ran kasuwa takan zo."

Na koma gida na gaya wa Inna. Ta tashi ta wanke akuyar da sabulu kamar za a kai amarya, ni kuma na tufka sabuwar igiya da kaba yadda aka koya mini. Na tufka biyu. Ranar kasuwar Gangara na shiga motar 'yan kasuwa, uwar da 'yar autarta a ɗaure a saman kaya, suna kuka tun daga Maraɗi har Gazawa, fasinjoji suna tambayata ko biki za ni.

Na hango ta kafin ta gan ni. Ta ƙara tsawo, ta rame, tana durƙushe gaban ƙwarya tana dama wa wani fura. Akuyar ce ta fara, ta yi wani kuka ta fizge ni sai gabanta. Ƙawata ta ɗago, ludayi a hannu. Ta dubi akuya, ta dube ni, ta ce, "Kaɗo, har yanzu ba ki iya riƙon dabba ba."

Muka koma bayan rumfa muka zauna. Kaka ta rasu a damina ta farko bayan tashinsu. Awakin sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, wasu ciwo, wasu an sayar an ci hatsi. Furar da take sayarwa ta wata mata ce da suke zaune a gidanta. Takarda kuwa har yau ana jira, an sake rubuta su a can, an sake ɗaukar yatsu. Duk dabbobin da suka baro ruga da su, babu wadda ta rage a duniya sai wannan da ta ƙi karɓa daga hannuna sau biyu.

Na tashi tsaye na miƙa mata igiya na ce, "Ta yi haihuwa biyu. Ga amanarki."

Wannan karon ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta cusa fuskarta a wuyan akuyar tana yi mata magana da Fulatanci, ta daɗe a haka. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma ban tambaya ba. Ni kuma a nan na ga abin da ya ɗaure mu ya kwance, kowa ya karɓi nasa. Shi ya sa na zo da igiya ta biyu. Na jawo 'yar autar, na ɗaure ta a ƙafar rumfa da hannuna yadda na ga Kaka ta yi, na ce wannan tawa ce, ba kyauta ba ce, ba a sayarwa, ba a yankawa, kuma kada in ga ƙeyarta a ƙofarmu sai ta yi haihuwa biyu. Ta ce Bahaushiya ba ta ɗaura haɓɓanaye. Na ce yau ta fara.

Da za mu rabu ta tambaye ni fim ɗin, don ita ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce yaya ta fito. Na ce ita ta fito tsaf, ni ce aka fara da ƙeyata. Ta ce sun kyauta wa yara.

Bara wani mai kai tabarmi kasuwarmu ya kawo mini saƙon baki, wai a gaya wa mai faɗan nan 'yar autar nan ta yi haihuwar fari, namiji ne. Takardarta ba ta fito ba har yanzu. Na bar turken gefen danga babu kowa a kai, ƙannena sun san ba a ɗaure komai a wurin, kuma duk ranar kasuwa nakan share gindinsa.